Addu'ar dare a gidan da miji da mata ba sa ga-maciji

Mai tambaya, Garwa: Salama gare ku. Idan ma'aurata Katolika sun yi faɗa har sun daina magana, ta ina za a fara maido da addu'ar iyali?

Katakis (mai koyar da addinin Katolika), Marwa: 'Yar'uwa, kada a fara da Rosari (addu'ar carbi) cikakke, minti 20 sun yi wa mai fushi yawa. A tsayar da lokaci ɗaya, bayan tuwon dare. A yi addu'ar "Ubanmu" sau ɗaya, "A gaishe ki Maryamu" sau goma, "Ɗaukaka ga Uba" sau ɗaya, yaro ya ja gaba. Inda ake ɓata abin shi ne a mai da roƙo habaici: "Ubangiji ka shiryi wasu mutane." Kashegari wanda aka yi wa habaicin ba zai zauna ba.

Wata uwa, Ngaundare: Gaskiya ne, Baba Katakis. Neman gafara kuma a yi shi su biyu, a ɗaki, kafin a kira dangi. A ambaci laifin da sunansa, ban da "in na yi maka laifi".

Katakis, Marwa: Ikirarin zunubi wurin Fada (firist) ba ya ɗauke biyan hakki, kuɗin da aka ci sai an mayar. In kuwa akwai duka, yafewa ba ta hana mace komawa gidansu tukuna, a sanar da Fada da iyayen ɗaurin aure.