Maganin tsutsar saiwa da ake yi da fumfuna, wai yana kama idon mutum?

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin noma da ma'aikatan lafiya ku taimaka min. Ina noman rani a bakin kogin Kaduna ta wajen Igabi, tumatir da attarugu, toh gonar tsutsar saiwa ta gama da ita, shuka sai ta yi yaushi da tsakar rana ko da ta sha ruwa da safe, in ka tuge sai ka ga saiwar duk ta yi ƙulu-ƙulu. Wani mai sayar da maganin gona ya ce in rabu da maganin ƙwarin nan Furadan in gwada wani gari da ake yi da fumfuna mai rai, sunan da ke jikin ledar Paecilomyces lilacinus. Ƙanena da ke makaranta ya duba a waya ya ce wai wannan fumfunar tana kama ido har ta makantar da mutum. Abin da ya ɗaga min hankali Baba ne ke taya ni renon iri, yana da ciwon suga kuma bara aka yi masa aikin yanar ido. Gaskiya ne ko surutun intanet ne kawai? In saya ko in haƙura?

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam. Ƙanenka bai yi ƙarya ba, mai shagon ma haka. Fumfunar nan dama can a ƙasa take zaune, wataƙila ma tana cikin gonarka yanzu haka ba ka sani ba. Tun 2011 masana suka canza mata suna zuwa Purpureocillium lilacinum amma kamfanoni da yawa har yau tsohon sunan suke bugawa. A ƙarshen shekarun 1970 ne masu binciken dankalin turawa a ƙasar Peru suka nuna tana cin ƙwan wannan tsutsa, daga nan aka fara mayar da ita magani. Yadda take aiki kuwa, macen tsutsar tana zuba ƙwai a dunƙule cikin wani abu mai yauƙi a jikin saiwa, sai zaren fumfunar ya nannaɗe ƙwan ya narkar da ɓawonsa ya shiga ya cinye abin da ke ciki kafin ya ƙyanƙyashe. Shi ya sa ba ta aiki nan take, kuma saiwar da ta riga ta kumbura ba za ta sace ba, tsutsar gaba take ragewa. Tun a wurin renon iri ake fara sa ta, a sake lokacin dashe.

Maganar lafiya kuma, iri-iri gare ta. Akwai wanda ake kira 251, shi Amurka ta yi wa rajista a 2005, kuma gwaji ya nuna ba ya iya girma a zafin jikin mutum, in zafi ya wuce digiri 36 ya tsaya. Amma fa akwai wasu irinta da ke jure har 38, waɗannan su ne matsalar asibiti. Don haka ni leda in ba a rubuta irin da ke ciki ba, babu lambar NAFDAC, ko kyauta ne ba na karɓa.

Sista Mai Ido:
Malam ya yi bayani, bari in ƙara ta ɓangarenmu don abin nan na Baba shi ya tsaya min a rai. Mai cikakkiyar lafiya da wuya ƙwarai ta kama shi. Waɗanda take samu su ne masu raunin garkuwar jiki, wanda aka yi wa dashen ƙoda ko ɓargo, mai shan maganin ciwon daji, mai suga da bai daidaita ba, sai kuma ido da aka yi wa aiki ko mai sa ɗan gilashin nan da ake mannawa a ƙwayar ido. A Amurka a shekarun 1970 an taɓa samun mutane da dama da ta kama bayan aikin yana saboda ruwan da aka wanke ɗan gilashin da ake dasawa a cikin ido da shi ya gurɓata, a Siwizalan ma an ba da rahoto a 1996 ta yaɗu a ɗakin masu cutar jini ta cikin man shafawa. Abin da ya sa muke tsoronta taurin kai gare ta, maganin fumfuna na asibiti amphotericin B da ake ji da shi ba ya cika yi mata komai, wani maganin mai suna voriconazole ake nema kuma yana da tsada wallahi.

Don haka ɗan uwa kar Baba ya auna garin, kar ya dama, kar ma ya tsaya inda iska ke kwaso ƙurarsa. Kai da za ka yi ka sa takunkumi da safar hannu da tabarau, ka wanke hannu kafin ka taɓa fuska. Kuma ko babu wannan maganin, duk manomin da ganyen masara ko karan dawa ya tsokane masa ido ya ga ja da hawaye da wani farin ɗigo a baƙin idon, ya nufi Asibitin Ido na Ƙasa da ke nan Kaduna, kar a ɗiga nono ko ruwan suga, kar a je kemis a sayo maganin ɗigawa mai siteroid, shi ke ƙara wa fumfuna ƙarfi ta ci idon da sauri.

Na Ikara:
Ni dai tsakani da Allah Furadan ɗin ya fi ba ni tsoro, wannan dafi ne tsagwaronsa, kaza ta tsinci ƙwayarsa shike nan, ga shi mutane da hannu tsirara suke barbaɗawa. Amma kar ka dogara da gari kaɗai, ka huta wa gonar da tumatir, ka bi ta da masara ko dawa, ka zuba kashin kaji da ya ruɓe sosai da tunkuzar 'ya'yan dogon yaro, kuma in ka tuge tsohuwar shuka ka ƙone saiwar kar ka bar ta a kunya.

Ɗan Fadama:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Sista in sha Allahu Baba zai koma ban ruwa kawai har sai an gama. Malam tambaya ɗaya ta rage, zan iya haɗa shi a tanki ɗaya da maganin fumfunar ganye da nake fesawa don in rage wahala?

Malamin Gona:
A'a kar ka soma. Maganin kashe fumfuna ne fa, ita ma fumfuna ce, kuɗinka za ka kashe a cikin tankin. Ka wanke tankin tas, ka zuba ta a gindin shuka da yamma ƙasa na da danshi, ka bi da ruwa ya kai ta wurin saiwa. Kuma ka duba inda mai shagon ya ajiye kayan, in a rana suke ko a shagon kwano cikin zafin watan Maris ɗin nan, ka nemi wani wurin, ka kuma karanta ranar lalacewa kafin ka biya.