Ƙungiyar agaji ta Kirista ta neme ni aikin sa-kai a ƙauyukan Gadarif: ina neman shawara

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ɗalibin kiwon lafiya ne, karatuna ya tsaya tun Disambar 2023 da yaƙin Sudan ya shiga garin Wad Madani, muka dawo Gadarif da ke gabashin ƙasar, wajen dangin mahaifiyata. Yanzu wata ƙungiyar agaji ta Kirista ta nemi in bi ma'aikatanta a matsayin mai fassara na wata uku, daga Maris zuwa Mayu, zuwa ƙauyukan wajen Doka da Gallabat, domin tsabtace ruwan sha da wayar da kan jama'a game da kwalara. Raina yana son aikin, domin na ga yadda cutar ta yi ɓarna a 2024, amma Baba ya ce yana tsoron kada a yi amfani da harshena wajen juya imanin mutanenmu. Me kuke gani?

Wani malami daga Mai Wurno:

Wa alaikumus salam, ɗana. Tsoron mahaifinka yana da tushe, kada ka ɗauke shi tsufa ko rashin wayewa. Sai dai haɗa hannu da wanda ba Musulmi ba a kan aikin alheri ba baƙon abu ba ne a addininmu. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta nuna Allah bai hana mu kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya halarci ƙawancen Hilful Fudul, na kare wanda aka zalunta a Makka, tun kafin a aiko shi da annabci, daga baya ya ce da za a kira shi zuwa irinsa a Musulunci da ya amsa. Iyakar da zan gindaya maka ita ce: ka fassara bayanin ruwa da magani, kada ka fassara wa'azi, kada kuma ka raba wata takarda da ba ka karanta ba. Kuma kada ka tafi sai da yardar mahaifinka.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Kasala:

Ƙanena, na yi shekara biyu tare da irin wannan ƙungiya a sansanin Um Rakuba, bayan 'yan gudun hijirar yankin Tigrai na Habasha sun shigo a ƙarshen 2020, kuma ba a taɓa hana ni salla ko neman in halarci addu'arsu ta safe ba. Amma ba zan rantse a kan kowace ƙungiya ba, shi ya sa nake so ka tambaye su abu uku baki da baki. Suna da rajista da Hukumar Agajin Jinƙai, wato HAC, da izinin shiga yankin? Sun sa hannu a ƙa'idojin aikin agaji na 1994 da Red Cross ta fitar tare da manyan ƙungiyoyi irin su Caritas, waɗanda suka haramta amfani da taimako wajen tallata addini ko siyasa? Sannan idan ka kwanta ciwo, wa zai ɗauki nauyinka? Amsar ta zama a rubuce, har da alawus ɗinka.

Abin da ya fi damuna ma lafiyarka ce. Watannin da ka ambata su ne lokacin da cutar kala'azar ta fi yaɗuwa a wannan yanki. Wani ɗan ƙanƙanin ƙwaro ne ke ɗauke da ita, bai kai sauro girma ba, yana yawaita inda baƙar ƙasa ta tsattsage da wajen bishiyoyin aduwa, yana cizo daga faɗuwar rana. Ka tafi da gidan sauro mai magani, kada zafi ya sa ka kwana a fili babu shi. Ciwon yakan ɓuya watanni kafin ya bayyana, don haka idan zazzaɓi ya haura mako biyu bayan ka dawo, ga rama, ka gaya wa likita inda ka je.

Wani direba daga Damazin:

Ni dai hanya na sani. Ku fito kafin ruwan Yuni ya kankama, domin laka ta can tana riƙe mota kwana da kwanaki. Kuma duk ƙauyen da kuka shiga ku fara gaida shehun gari.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa Baba amsar Malam da ta Yaya, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in kai shi ofishinsu ranar Lahadi ya yi musu tambayoyin nan uku da bakinsa. Ya ce idan suka amsa a rubuce, shi da kansa zai saya mini gidan sauron.