Nisan watannin Neftun: me ya sa alƙaluma ba sa daidaituwa?

Ɗalibin Fiziks:

Assalamu alaikum. Malamai, ina neman ƙarin haske kan nisan watannin da ke zagaya duniyar Neftun daga ita Neftun ɗin. Wani jadawali ya ce nisan Triton kilomita 354,759 ne, wani kuma ya ce kusan 330,000. Na Nereid ma ya fi rikitarwa: na ga miliyan 1.4, na ga miliyan 5.5, na ga sama da miliyan 9. Wanne ne daidai? Kuma akwai hanyar da mutum zai tantance da kansa? So nake a zana su a fili da ma'auni ɗaya, don 'yan aji su gani da idonsu.

Malamin Lissafi:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Alƙaluman Triton duka biyun gaskiya ne, wurin fara awon ne ya bambanta. Masana falaki daga tsakiyar Neftun suke awo, shi ne 354,759. Wancan kuwa daga saman gajimarenta ya fara. Daga tsakiyar Neftun zuwa saman gajimare kilomita 24,764 ne, ka cire shi daga 354,759, za ka samu 329,995. In lissafi za ka yi, na tsakiya za ka ɗauka kullum.

Hanyar tantancewa ita ce doka ta uku ta Kepler. Ka rubuta nisan da dubban kilomita, ka ninka shi da kansa har sau uku. Ka ɗauki kwanakin da watan ke yi kafin ya gama zagaye ɗaya, ka ninka su da kansu. Sai ka raba na farko da na biyu. Duk watannin da ke zagaya duniya ɗaya amsa ɗaya za su ba ka.

Triton: 354.76 × 354.76 × 354.76 ya ba da kusan 44,648,000. Zagayensa kwana 5.877 ne, ninkinsa 34.54. Amsa: kusan 1,292,700.

Proteus: nisa 117.65, zagaye kwana 1.1223. Amsa ta sake faɗowa wajen 1,292,700.

Yanzu ka sa 330 a madadin 354.76. Za ka samu 1,040,000 da 'yan kai, wato ya gaza da kusan kashi 20 cikin 100. Kuskuren awon bai wuce kashi 7 ba, amma ninki uku ya kumbura shi. Sauran wuraren da ake tuntuɓe: haɗa sa'o'i da kwanaki a lissafi ɗaya, da datse kwanakin ƙananan watanni. Zagayen Naiad kwana 0.2944 ne, kimanin sa'a bakwai. In ka mai da shi 0.3 don sauƙi, amsar ta kauce da kusan kashi 4.

Mai Duban Taurari:

Malam ya gama da Triton. Shi nasa da sauƙi, domin hanyarsa kusan cikakkiyar da'ira ce, nisansa ba ya wani canzawa. Nereid, wanda Gerard Kuiper ya gano a 1949, hanyarsa miƙaƙƙiya ce kamar ƙwai da aka ja, kuma Neftun ba a tsakiyarta take ba, tana can kusa da gefe ɗaya.

Miliyan 5.5 da ka gani, wato kilomita 5,513,800, rabin tsawon wannan ƙwan ne, kuma shi ake sawa a dokar Kepler. Da zagayen kwana 360.13 zai ba ka kusan 1,292,500. Ma'aunin miƙewar hanyar 0.75 ne. Don ka samu mafi kusa, ka cire 0.75 daga 1, ka ninka nisan da 0.25: miliyan 1.38. Mafi nisa kuma ka ninka da 1.75: miliyan 9.65. Ka ga alƙalumanka uku duk na hanya ɗaya ne.

Abin da ba na so a jadawalai da yawa shi ne kiran miliyan 5.5 ɗin "matsakaicin nisa" ba tare da bayani ba. Nereid yana wucewa da gudu idan ya kusanto Neftun, ya yi ta jan ƙafa idan ya yi nisa. In aka auna shi kowace rana tsawon zagaye guda aka ɗauki matsakaici, sai a samu wajen miliyan 7. Yawancin lokacinsa a can nesa yake yin sa.

Injiniya:

Gyara ɗan kaɗan ga Malam, da neman afuwa. Amsar ba ta zama ɗaya cif ga watannin da ke kurkusa. Naiad, mai nisan 48,227, yana ba da kusan 1,294,200, ya ɗara na Triton da kusan kashi 0.1 cikin 100. Dalili kuwa, Neftun ta ɗan kumbura a ƙugu saboda saurin juyawarta, wannan kumburin yana ƙara jan duk abin da ya matso. Kada ka ga haka ka ɗauka kalkuletarka ce ta yi kuskure.

Watannin ciki guda bakwai, daga tsakiya: Naiad 48,227, Thalassa 50,074, Despina 52,526, Galatea 61,953, Larissa 73,548, Hippocamp 105,283, Proteus 117,647. Hotunan kumbon Voyager 2 na shekarar 1989 ne suka fito da shida daga ciki. Hippocamp, da faɗinsa bai wuce kilomita 35 ba, sai a 2013 Mark Showalter ya tsinto shi a hotunan madubin hangen nesa na Hubble.

Akwai wata iyaka da ta kamata a nuna wa ɗalibai. Neftun tana juyawa sau ɗaya a sa'a 16.11, kuma watan da zai yi zagaye daidai da wannan lokacin sai ya kasance a nisan kusan kilomita 83,500. Waɗanda ke cikin wannan iyaka, daga Naiad zuwa Larissa, sun fi juyawar Neftun sauri, don haka sannu a hankali suke gangarowa ciki. Proteus da ke waje ƙara nisa yake. Triton ma yana waje, amma gangarowa yake, saboda zagayensa ya saɓa wa juyawar Neftun. Wannan tafiyar ta baibai ce ta sa masana ke ganin kamo shi Neftun ta yi daga yankin Kuiper, wato yankin dunƙulen ƙanƙara da duwatsu da ke zagaya Rana a bayan Neftun.

Malamin Lissafi:

Gyaran ya karɓu, Injiniya. Batun zane a fili: ka ɗauki santimita 1 a matsayin kilomita 10,000. Neftun za ta zama ƙwallo mai faɗin santimita 5, kamar ƙaramin lemo. Ka kafa ƙusa a ƙasa, ita ce tsakiya, duk awo daga jikinta. In ka auna daga bayan lemon, ka koma kuskuren farko.

Naiad yana santimita 4.8, Proteus 11.8, Triton 35.5. Faɗin Triton kilomita 2,707 ne, milimita 2.7 ke nan, ƙwayar gero ta isa. Nisan watanmu daga duniyarmu a wannan ma'aunin zai kai santimita 38. Tsakanin Naiad da Thalassa bai kai milimita 2 ba, ƙasa ba za ta nuna wannan ba, sai ka zana na ciki a kwali da fensir mai tsini ka huda shi a kan ƙusar.

Na Nereid, ƙusa ta biyu za ka kafa a nisan mita 8.3 daga ta farko. Ka ɗaura bakin igiya ɗaya a kowace ƙusa, tsawonta tsakanin ƙullin biyu ya zama mita 11. Ka sa kara a cikin igiyar, ka ja ta ta miƙe, ka zagaya kana shata ƙasa. Igiyar roba ba ta yi, tana talewa ta ɓata siffar.

Neso, ɗaya daga cikin mafi nisa a watanni 16 da aka sani, zai kai wajen mita 50, rabin filin ƙwallo, kuma zagayensa ɗaya ya haura shekara 26. A irin wannan nisa jan Rana yana sauya hanyar watan daga lokaci zuwa lokaci, shi ya sa za ka tarar jadawalai sun saɓa a kansa da kilomita miliyan ɗaya ko fiye. Ka duba ko jadawalin ya ba da awon wata rana ce takamaimai ko kuwa matsakaicin shekaru masu yawa.

Ɗalibin Fiziks:

Allah ya saka da alheri, malamai. Na sa Larissa, 73.548 da kwana 0.5547, na samu kusan 1,293,000. Filin makarantar zai ɗauki Nereid, Neso dai sai an fita bayan katanga.