Taƙaitawa: nisan da mota mai caji da fetur ke yi a Kano

Jama'a, ga inda aka tsaya a tattaunawar da aka yi kan nisan da motar da ke aiki da batir da kuma fetur ke yi da caji ɗaya a Kano:

1. Kilomita 40 zuwa 80 da kamfanoni kan rubuta na caji ɗaya ba sa cika a nan. Zafin Afrilu da na'urar sanyaya mota na cinye batir.

2. A cunkoson Kurna ko Sabon Gari motar ta fi riba, don taka birki ma yana mayar da wuta cikin batir. Hanyar Kaduna kuwa, fetur ne zai kai ka.

3. Wanda ba ya caji kullum, nauyin batir kawai yake ja.

An rabu kan yin caji da janareta. Wasu sun ce fetur ɗin dai aka ƙona, wasu suka ce in dama yana kunne, ba asara. Ni dai ina tare da masu sola, a yi cajin da rana.