Wace kalma za mu ba "omnibus" da Hausa?

Malam Habu, Jidda: Jama'a, ina neman taimakonku. Yaranmu masu sayen littattafan labarin zane, musamman na almara masu dogon zango, sun iya cewa "omnibus", amma da Hausa sai kame-kame. Kala uku ne a kasuwa. Akwai siririn da ke fita wata-wata, labarin cikinsa bai fi shafi 20 zuwa 24 ba. Akwai mai bangon takarda da ya tara biyar ko shida daga cikinsu. Sai babban, wato omnibus ɗin, mai bangon kwali, wanda kan haɗiye 25 zuwa 40, ya kai shafi 1,000. Na farkon dai "fitowa" ce, ba gardama. Sauran biyun fa?

Hajiya Rabi, Makka: Malam, mu a Shara Mansur "mujalladi" muke cewa, kuma da shi za ka tambaya a kantin littattafai na Jarir a gane ka.

Malam Habu: Hajiya, kalma ce mai kyau, sai dai ɗauri take nufi, daga fatar da ake naɗe littafi da ita. Ba ta nuna abin da aka tara a ciki. Na shafi 150 mujalladi ne, na shafi 1,000 ma haka.

Sani, Riyad: Yaya Habu, na tsakiyan a ce "juzu'i", babban a ce "kundi". Bahaushe ya san kundi: takardun da suka warwatse, malami ya tattara ya ɗaure wuri guda. Aikin omnibus ke nan. Na so "dami", amma dami ba ya da jeri, kowane zangarniya inda ta faɗa.

Kuma raba sunan yana da amfani a aljihu. Juzu'i na 3 da kundi na 3 ba abu ɗaya ba ne. Wanda ya gama juzu'i na 2 ya sayi kundi na 3, ya tsallake fitowa kusan hamsin bai sani ba. A juya bayan littafi a karanta inda aka rubuta "ya ƙunshi fitowa ta kaza zuwa ta kaza". Wannan lambar ake bi.

Hajiya Rabi: Na yarda da kundi. To a ƙara duba ɗaurinsa kafin a biya. Buɗe tsakiya: in ka ga zare, ɗinki ne, zai kwanta. In gam ne zalla, zanen da ya ratsa shafi biyu zai nutse a tsakiya, fuska ta ɓace, wani lokaci har da magana. Zafin ƙasar nan kuma ba ya raga wa gam. Aka bar shi a mota da azahar, shafuka sai su fara zubewa. Laimar Jidda kuwa takarda take lanƙwasawa. Mai nauyi a kwantar da shi, don in ya daɗe a tsaye nauyin takardun na janye su daga bango.

Malam Habu: Madalla. Saura tsarin karantawa, shi ma iri biyu ne.

Sani: "Jerin fitowa", wato yadda aka buga su, da "jerin aukuwa", yadda abubuwan suka faru cikin labarin. Sabon mai karatu ya bi jerin fitowa. Littafin da ke ba da asalin jarumi, ko da shi ne farko a aukuwa, an rubuta shi ne don wanda ya riga ya san ƙarshe, sai ya tona maka asirin da marubuci ya ɓoye tsawon juzu'i goma. Shi mu kira shi "tushe", labaran gefe kuma "reshe".

Hajiya Rabi: A sa tushe da reshe cikin jerin kalmominmu. Amma a duba, wasu kundayen na cusa reshe a tsakiya, wasu su bar shi waje, sai an saye shi daban.