Muhawara a Damagaram: farantin keke mai araha jabu ne ko ba jabu ba?

Matashi daga Zango: Assalamu alaikum. Raina a ɓace yake, kuma ina so duk mai niyyar haɗa keke irin nawa ya ji abin da ya same ni kafin ya fitar da kuɗinsa. Mahaifina ya bar mini gangar wani tsohon keken tsere na Peugeot ƙirar Faransa, sai na mayar da shi keke mai kafaffen haƙori, wato irin wanda ba ya firi, matuƙar tayar baya tana juyawa to feda ma tana juyawa, kuma da ƙafa ake rage masa gudu. Na sayi sabon hannun feda haɗe da faranti, wato faifan gaba da kaca take hawa, mai haƙora 46 a wurin wani mai kayan keke da ba zan ambaci sunansa ba, saboda nasa ya fi na kowa araha. Tun ranar farko na lura kacar tana tsukewa a wani wuri tana saki a wani wuri, alamar farantin bai zauna daidai a tsakiya ba. Bayan mako uku farantin ya fara motsi a jikin hannun, domin matse shi aka yi da inji, ba da noti aka ɗaure shi ba, kuma duk lokacin da na danne feda baya don in tsaya sai ya ƙara saki. Ranar Lahadi ina kan hanyar Mirriya kacar ta sauka ta maƙale, tayar baya ta cije, na sha ƙasa, gwiwata da gwiwar hannuna duk suka kurje. Abin da na yarda da shi yanzu shi ne, mai ƙaramin ƙarfi gara ya nemi tsohon hannun feda na keken tsere mai noti biyar, ya cire faranti ɗaya ya bar ɗaya, da ya sayi wannan sabon jabu. Tambayata ga masana ita ce, wane tsawon sandar tsakiya, wato ƙarfen da ake ɗaura hannuwan feda biyu a kansa, zan nema domin faranti da haƙorin baya su miƙe a layi ɗaya?

Ɗan kasuwa daga Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Allah ya sawwaƙe, ya kiyaye gaba. Amma ƙanena, ka janye kalmar nan ta jabu. Na yi shekaru ina ɗauko kayan keke daga Kano ina kawowa Kasuwar Dole, kuma ban taɓa sayar wa kowa jabu ba. Jabu shi ne abin da aka buga wa sunan da ba nasa ba. Shin an rubuta Shimano ko Sugino a jikin wanda ka saya? In ba a rubuta ba, to kayan araha ka saya da idonka a buɗe, kuma Bahaushe ya riga ya ce araha ba ta ado.

Malamin makaranta daga Birni: Alhaji ya taɓo wuri mai muhimmanci, sai dai ya ƙuntata ma'anar kalmar. A bakin Hausawa jabu bai tsaya ga satar suna ba, ya haɗa da duk abin da aka yi shi domin ya yi kama da na kirki alhali ba zai yi aikin na kirki ba. Shi ya sa ake cewa jabun kuɗi, ake kuma cewa jabun magani ko da babu sunan wani kamfani a jikin kwalin. Idan faranti ya fito da ƙyalli da siffar na tsere, har an zana masa hotunan noti biyar da ba sa kwancewa, to ya yi shigar burtu, kuma yaron nan bai yi kuskuren harshe ba.

Ɗan kasuwa daga Sabon Gari: Malam, da girmanka, yaron bai ce an zana noti a jiki ba, kai ne ka ƙara wannan daga aljihunka. Kuma in muka bi ma'anarka, to rabin abin da ke cikin gidajenmu jabu ne, har da butar da muke alwala da ita.

Ɗalibi a Jami'ar André Salifou: Ina neman afuwar manya, ina ganin kalmar ta ɗauke mana hankali daga ainihin abin da ya faru. Faranti da aka matse a jikin hannu an yi shi ne domin keke mai firi, inda ƙarfin ƙafa yake tafiya gaba kawai. A keke mai kafaffen haƙori ƙarfin yana zuwa gaba yana dawowa baya, kuma wannan kai-da-kawon shi yake sassauta matsin. Saboda haka kayan ba a wurin aikinsa aka sa shi ba. Akwai kuma abu na biyu da yayana mai keke bai duba ba. Kan sandar tsakiya mai kusurwa huɗu iri biyu ne, akwai ma'aunin Japan da ake kira JIS, akwai na Turai da ake kira ISO, wanda bakinsa ya fi siranta kaɗan. Idan aka sa hannun JIS a kan sandar ISO yakan shige ciki da kusan milimita huɗu da rabi fiye da yadda aka tsara, sai layin kaca ya karkace. A keken da faɗin bayansa milimita 120 ne, layin da aka saba nema kusan milimita 42 ne daga tsakiyar ganga, gaba da baya. Game da shawararsa ta tsohon hannu mai noti biyar, ina tare da shi, amma ya auna da'irar notin kafin ya sayi faranti: na keken tsere na titi galibi milimita 130 ne ko 110, na filin tsere 144, na kamfanin Campagnolo 135, wasu tsofaffin na kamfanin Stronglight na Faransa kuma 122, wanda samun farantinsa a garin nan sai an sha wuya. Kuma in ya cire faranti ɗaya, notin za su yi masa tsawo, sai ya nemi gajeru ko ya sa musu washa.

Tsohon bakanike daga Garin Malam: Ɗana, ka yi karatu, Allah ya ƙara basira, amma duk lissafin nan naka ban ji inda ka ce jabu ne ko ba jabu ba. Ni zan faɗa muku. Duk hannun feda na alminiyom jabu ne, mai tsadarsa da mai araharsa. Tun ina yaron shago nake kwance Raleigh da Phoenix, hannunsu baƙin ƙarfe ne, ƙusa ɗaya ake bugawa ta gefe a ɗaure ta da noti, kuma da su mutanen ƙauye suke ɗauko buhun gero da jarkokin ruwa a cikin yashi shekara da shekaru. Kacarsu ma mai faɗin nan ce, ɗaya bisa takwas na inci, wadda ku masu kafaffen haƙori kuke yawon nema. In ya lanƙwashe a miƙar da shi, in faranti ya saki a kai wa mai walda ya ɗiga masa wuta. Alminiyom kuwa ba ya gargaɗi, rana ɗaya zai tsage.

Ɗalibi a Jami'ar André Salifou: Baba, ai farantin waɗannan kekunan da kake yabo shi ma galibi matse shi aka yi a jikin hannu, cutar da ta kayar da yayana ke nan. Kuma ƙusar gefen nan ba ta son ƙarfin baya, takan cinye ta fara ƙwas-ƙwas. Abin da na yarda da kai a kai shi ne kacar: mai faɗin ɗaya bisa takwas tana hawa siririn faranti na uku bisa talatin da biyu, amma siririyar kaca ba ta hawa faranti mai kauri.

Tsohon bakanike daga Garin Malam: Ƙusa in ta cinye nawa take? A canza ta. Wanda bai taɓa riƙe guduma ba ba zai koya mini ƙusa ba.

Direba mai zuwa Magariya: Ni ban san milimita ba, amma ina da shaida. Ɗan maƙwabcin wana ya sayi irin wannan farantin, shi ma daga kayan da ake shigowa da su ta kudu, kuma na ji an ce bai yi wata biyu ba. Gaskiya ita ce, abin da ya ƙi shiga a can shi ake turo mana, mu kuma muna karɓa hannu bibbiyu muna godiya.

Ɗan kasuwa daga Sabon Gari: To ga inda aka dosa tun farko. An fara da jabu, yanzu an koma zagin Kano. Malam direba, “na ji an ce” ba shaida ba ce, ko a gaban Sarkin Damagaram ba za a karɓe ta ba. Ka manta cewa Raleigh ɗin da Baba yake yabo a Kano aka riƙa haɗa shi a da? Kuma waɗannan kayan na yanzu ba a Kano ake ƙera su ba, daga Sin da Indiya suke zuwa, irin wanda ake sayarwa a can shi ake sayarwa a nan. Lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023 kowa ya ga yadda kaca da taya suka yi wuya a garin nan, ban ji mai cewa jabu ba a lokacin, roƙo ake a nemo ko wane iri ne. Laifin ma in za a faɗi gaskiya na gangar Faransa ne. Kofunan da ke riƙe sandar tsakiyarta zaren murɗinsu ba ya dacewa da na Ingila, ramin fedarta ma daban, komai nata sai ta bambanta da na duniya.

Malamin makaranta daga Birni: A nan Alhaji ya faɗi abin da yake daidai, ko da yake ya faɗe shi cikin fushi. Tsofaffin kekunan Faransa zaren tsakiyarsu milimita 35 ne, kuma kofunan biyu duk dama ake murɗa su, na Ingila kuwa inci 1.37 ne, kofin ɓangaren kaca kuma hagu ake murɗa shi. Fedar Faransa ta da milimita 14 ce, ta sauran duniya tara bisa sha shida na inci. Amma Alhaji, bambanci ba aibi ba ne, kuma keken da uba ya bari ba a kiransa mai laifi. Sannan har yanzu ba ka amsa mini ba: in kaya ya yi kama da abin da ba shi ba ne, mai sayarwa kuma ya ga yaro zai sa shi a inda zai kashe shi bai ce masa uffan ba, wane suna za mu ba wannan cinikin?

Ɗan kasuwa daga Sabon Gari: Sunansa ciniki. Mai shago ba boka ba ne da zai san irin keken da mutum ya ɓoye a gida.

Yayar mai keken: Ni ce yayarsa, kuma ni na wanke masa ciwon. Kuna ta jayayya a kan faranti, babu wanda ya tambaye shi ina birkin keken yake. Ya cire shi gaba da baya, wai haka ƴan tsere suke yi. Su ƴan tseren a fili mai santsi suke zagaye, babu akuya, babu amalanken jaki, babu mai babur da zai faɗo masa daga lungu. Ina roƙon Baba da Malam su sa baki ya mayar da birki ko da na gaba ne, in ya so ya sayi farantin zinariya.

Ɗalibi a Jami'ar André Salifou: Yaya tana da gaskiya a kan birkin gaba, domin in kaca ta sauka babu sauran abin tsayawa. Zan ƙara cewa ya nemi hannu mai tsawon milimita 165 maimakon 170 ko 175, tunda ba zai iya ɗaga feda ya tsayar da ita a kwana ba, dogon hannu kuma yakan daki ƙasa. In kuma yana tsayawa ta hanyar ƙame feda tayar baya ta ja a ƙasa, ya guji haƙora 48 da 16, domin in an raba 48 da 16 uku cif suke bayarwa, wuri ɗaya tak tayar za ta riƙa ci har ta huje. Haƙora 46 da 16 suna raba cin wuri takwas, in ya samu 17 a baya kuwa wuri goma sha bakwai.

Direba mai zuwa Magariya: Duk wannan lissafin a kan keken da ba ya ɗaukar ko ƙullin gawayi.

Tsohon bakanike daga Garin Malam: Tunda ni ne babba a nan, bari in tattara abin da aka cimma kowa ya kama gabansa. An yarda cewa abin da ya kayar da yaron nan kayan zamani ne marar nauyi. An yarda cewa kaca mai faɗi irin ta Raleigh da Phoenix ita ce ta dace, har ɗalibin jami'a ya sallama mini da bakinsa. An yarda cewa kayan Faransa wahala ne, Malam da Alhaji sun haɗu a kan haka. Maganar jabu kuwa, Malam ya kayar da Alhaji, duk da cewa shi ma bai kai inda na kai ba. Saboda haka yaro ya kawo gangar wurina, in nema masa hannun baƙin ƙarfe, in yi wa farantin walda, in mayar masa da birki kamar yadda yayarsa ta nema.

Ɗan kasuwa daga Sabon Gari: Baba, ba a kayar da ni ba, salla na tafi. Kuma har yanzu yaron bai janye kalmar ba.

Matashi daga Zango: Alhaji, in janyewa za ta sa a saurare ni, na janye, a kira shi mai araha. Baba, na gode, amma ba na son walda a jikin keken mahaifina. Na samu wani tsohon hannu mai noti biyar, na auna da'irarsa ta ba ni 130, faɗin bayan gangar kuma 120 ne. Sandar da ke ciki yanzu ta yi tsawo, faranti ya fita waje da kusan kaurin ƙaramin yatsa. In mayar da farantin ta cikin hannun ne, ko in nemi gajeriyar sanda wadda za ta zauna a kofunan Faransa?