Ina son mayar da lambar tarhon gida kan kiran intanet ba tare da na rasa ta ba

Maman Sadiƙ:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar sadarwa. Muna da tarhon girke a gida wanda lambarsa ta daɗe ƙwarai, ita ce dangi da asibiti da banki suka sani, kuma mahaifina, da yake shekaru sun ja, ba ya sakewa da wayar hannu. Ina son in bar kamfanin da ke ba mu layin in koma ga ɗaya daga cikin masu bi da kira ta intanet, amma lambar ta zauna yadda take. Shin sai na rufe tsohon layin sannan in nemi lambar a sabon kamfanin? Kuma tarhon da muke da shi zai ci gaba da aiki, ko sai na sayi sabo?

Malam Habu:

Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ki rufe tsohon layin, domin nan ne akasari ake rasa lamba. Lambar da ake iya ɗaukowa ita ce wadda take aiki. Da zarar an rufe layi, lambar ta koma hannun kamfanin da ya bayar da ita, kuma dawo da ita kan yi wuya ko ma ya gagara.

Sabon kamfanin ne zai nemo miki lambar. Ki fara tambayarsu ko suna karɓar lambobin yankinku, saboda ba kowane kamfani ne ke da alaƙa da kowace cibiyar tarho ba. Idan sun amsa, za su ba ki takardar izini ki sa hannu, su kuma nemi kwafin takardar biyan kuɗi ta baya-bayan nan, da lambar asusu, da lambar sirri idan akwai. Ki kula sosai a nan: suna da adireshin da za ki rubuta lallai su zama daidai da abin da ke rubuce a wurin tsohon kamfanin. Idan layin da sunan mahaifinki yake, shi zai sa hannu, ba ke ba. Bambancin harafi ɗaya a suna ko a lambar gida yana iya sa a mayar da buƙatar a sake daga farko.

Tsawon lokacin da ake ɗauka ya danganta da ƙasa. A Amurka, dokar sadarwa ta 1996 ce ta wajabta barin mutum ya tafi da lambarsa, a 2007 FCC, hukumar da ke kula da sadarwa a ƙasar, ta shigar da kamfanonin kiran intanet cikin wannan ƙa'ida, daga baya kuma ta rage wa'adin ɗauke lamba marar rikitarwa zuwa ranar aiki ɗaya, ko da yake lambar tarhon girke takan ɗauki kwanaki fiye da haka a aikace. Za a sa miki rana. Ki ci gaba da biyan tsohon layin har ranar ta wuce, ki gwada kira daga layuka dabam-dabam, sannan ki tabbatar an rufe asusun.

Injiniya Lawal:

Abin da Malam Habu ya faɗa daidai ne. Ni abin da ya fi damuna shi ne dattijon da ke gidan, domin lambar ce kaɗai ke ƙaura, amma akwai hidimomin da tsohuwar igiyar jan ƙarfe ke yi waɗanda ba sa bin ta.

Tarhon girke na asali ba ya shan wutar gida. Cibiyar kamfanin ce ke turo masa wuta ta cikin igiyar, kimanin bolt 48, daga baturanta, shi ya sa yake aiki ko an ɗauke wuta. Kiran intanet kuwa ya dogara da modem da rauta (na'urorin da ke kawo intanet cikin gida) da adaftar da ke haɗa tarho da intanet, kuma duk ukun da wutar gida suke aiki. Idan wuta ta ɗauke, ko intanet ya yanke, tarho ya mutu. Ga wanda ba ya riƙe wayar hannu, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, don haka ina ganin batirin ajiya da zai riƙe na'urorin uku wajibi ne a gidanku. A Birtaniya, inda ake shirin kashe tsohon tsarin tarho gaba ɗaya a watan Janairun 2027, hukumar sadarwa ta Ofcom ta buƙaci kamfanoni su tanadar wa masu dogaro da tarhon gida hanyar kiran gaggawa ta aƙalla sa'a ɗaya idan wuta ta ɗauke.

Sai batun kiran gaggawa kansa. Tsohon layi a haɗe yake da adireshi, saboda haka jami'an agaji suna sanin gidan da aka kira su daga ciki ko mai kiran bai iya magana ba. Layin intanet bai san inda yake ba sai adireshin da kika shigar masa. Ki shigar da shi tun ranar farko, ki gyara shi duk lokacin da kuka sauya gida, kuma ki guji kamfanin da ba ya bi da kiran gaggawa, don akwai irinsu.

Tarhonki zai yi aiki. Ana haɗa shi da ƙaramar adafta da ake kira ATA, wasu rautocin ma suna zuwa da mashigar tarho a jikinsu. Kira ɗaya ba ya cin fiye da kimanin kilobit 100 a daƙiƙa, don haka ba ƙarfin intanet ake nema ba, rashin yankewarsa ake nema. Amma wane irin intanet kuke amfani da shi? Idan DSL ne mai bi ta igiyar tarhon, ɗauke lambar na iya kashe intanet ɗin tare da layin.

Malama Rabi:

Ki duba kuma ko akwai wata na'ura da ke amfani da layin ba tare da kun lura ba, kamar ƙararrawar tsaro, ko faks, ko maɓallin neman agaji da tsofaffi ke ratayawa a wuya. Yawancinsu don tsohon layi aka ƙera su, kuma sautin da suke aika saƙo da shi yakan lalace a kan intanet. Ki tambayi kamfanin da ya kafa su tun kafin a sa ranar sauyin. Saƙonnin murya da aka ajiye a tsohon layin ma ba sa bin lambar, a saurare su tun yanzu.

Maman Sadiƙ:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya, intanet ɗinmu na faiba ne, daga wani kamfani dabam yake. Sai dai muna da tarho a falo da wani a ɗakin Baba, kowanne a soket ɗin bango. Zan iya sa duka biyun su yi aiki da adafta ɗaya?

Injiniya Lawal:

Tunda faiba ne, ɗauke lambar ba zai taɓa intanet ɗinku ba. Adafta ɗaya kuma tana iya ciyar da sokatocin gidan, amma da sharaɗi: dole ne a fara raba igiyar cikin gida da wadda ta shigo daga waje, a akwatin da suka haɗu, domin layin da aka rufe yakan ci gaba da ɗauke da wuta, kuma wannan wutar tana iya ƙona adaftar. Kada a yi wannan rabuwar sai lambar ta gama ƙaura, in ba haka ba Baba zai zauna ba tarho a tsakani. Idan ba ki son a taɓa igiyoyin bango, ki sayi tarho marar igiya mai kawuna biyu, ki haɗa gindinsa da adaftar, ki ajiye kai ɗaya a ɗakin Baba. Gindin nan shi ma wuta yake sha, don haka ki sa shi a kan batirin ajiyar tare da sauran na'urorin.